DARASI: HUKUNCIN KISA DA MUTUNCIN ƊAN ADAM



Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata magana mai nauyi wadda mukan ji a rediyo, mu yi ta muhawara a kanta a kasuwa da bakin majami'a, sau da yawa ba tare da mun san abin da doka ta tanada ko abin da Ekklesiya take koyarwa ba. Maganar kuwa ita ce hukuncin kisa. Ina roƙon katekis da shugabannin zumunta su karanta darasin tare da jama'arsu a hankali, sashe bayan sashe, su kuma tattauna tambayoyin da ke ƙarshensa.

1. SHARI'AR DA TA GIRGIZA KANO

A watan Disamba na 2021 aka sace wata yarinya mai shekara biyar, Hanifa Abubakar, a birnin Kano. Bayan makonni aka gano cewa wanda ya sace ta shi ne Abdulmalik Tanko, mai makarantar da take karatu, mutumin da iyayenta suka amince wa. Ya nemi kuɗin fansa, ya kashe ta da guba, aka binne gawarta a harabar wata makarantarsa. Musulmi da Kirista duk sun yi kuka, gama babu mai ɗa ko 'ya da zai ji wannan labari zuciyarsa ba ta karaya ba. Gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya faɗa a fili cewa idan kotu ta yanke hukuncin kisa zai sa hannu.

Ranar 28 ga Yuli, 2022, Babbar Kotun Jihar Kano, ƙarƙashin Mai Shari'a Usman Na'abba, ta yanke wa Abdulmalik Tanko da abokin laifinsa hukuncin kisa ta hanyar rataya. Mutane da yawa sun ce adalci ya tabbata. Na zaɓi wannan shari'a da gangan, domin laifin a bayyane yake, muninsa kuma ya kai matuƙa. Koyarwar da ba ta iya tsayawa a gaban irin wannan laifi ba ta da amfani. Tambayarmu ke nan: mutumin da ya aikata mugunta irin wannan, akwai sauran mutunci a gare shi wanda doka da mu kanmu ya wajaba mu kiyaye?

2. ABIN DA DOKAR ƘASA TA TANADA

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 yana da sassa biyu da ke zaune kusa da juna. Sashe na 33 ya ba kowane mutum 'yancin rayuwa, amma ya keɓe hali guda, wato sa'ad da ake zartar da hukuncin kotu a kan wanda aka same shi da laifi. Sashe na 34 kuwa ya hana azabtar da kowane mutum, ya kuma hana a yi masa abin da ya saɓa wa tausayin ɗan Adam ko ya ƙasƙantar da shi. A wannan sashe na biyu ba a keɓe mai laifi ba.

A nan Kano, kundin dokokin laifuffuka na Arewa, wanda ake kira Final Kod, yana aiki tun 1960, kuma sashensa na 221 ya tanadi kisa ga wanda ya yi kisan kai da gangan. Idan laifin ya tabbata, alƙali ba shi da zaɓin wani hukunci dabam. Tun shekara ta 2000 kuma akwai kundin laifuffuka na Shari'ar Musulunci, wanda kotunan Shari'a ke aiki da shi a kan Musulmi.

Lauyoyi sun daɗe suna tambaya ko sassan nan biyu na tsarin mulki ba su ci karo da juna ba. An kai wannan tambaya gaban Kotun Ƙoli a shari'ar Onuoha Kalu, wanda aka same shi da laifin kisan kai a Legas. A 1998 kotun ta yanke cewa hukuncin kisa bai saɓa wa tsarin mulki ba, tun da shi kansa tsarin mulkin ne ya ambace shi a fili. Idan ana so a kawar da shi, aikin majalisa ne. Kotun Tsarin Mulki ta Afirka ta Kudu ta bi wata hanya dabam a watan Yuni na 1995, ta soke hukuncin kisa a ƙasarta, domin tsarin mulkinsu ya ba da 'yancin rayuwa ba tare da irin wannan keɓewa ba. Saboda haka alƙalin da ya yanke hukunci a shari'ar Hanifa ya bi doka yadda take, kuma babu dalilin da zai sa mu zarge shi.

3. WANDA AKA YANKE WA HUKUNCI YANA DA SAURAN HAƘƘI

Duk da haka, kotunanmu ba su taɓa yarda cewa wanda aka yanke wa hukuncin kisa ya zama kamar gawa mai numfashi ba. Ga misalai uku.

Na farko: a Jihar Oyo aka kashe wani fursuna mai suna Nasiru Bello alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu, ba a saurare ta ba tukuna. A 1986 Kotun Ƙoli ta yanke cewa gwamnatin jihar ta karya doka, ta kuma umarta a biya iyalinsa diyya. Amma kuɗi ba ya iya mayar da rai.

Na biyu: a 1996 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Peter Nemi, ta tabbatar cewa fursunan da ke jiran kisa yana da ikon kai ƙara idan ana wulaƙanta shi, domin kariyar da tsarin mulki ya ba shi daga azaba ba ta faɗi ba saboda hukuncin da ke kansa.

Na uku: a 2012 Babbar Kotun Jihar Legas ta saurari ƙarar fursunoni biyar, a shari'ar da aka sani da sunan James Ajulu. Kotun ba ta da ikon ture hukuncin Kotun Ƙoli na 1998, ba ta kuwa ture shi ba. Abin da ta duba shi ne hanyar kisan, ta yanke cewa rataya da bindigewa sun saɓa wa sashe na 34, domin azaba ce da ƙasƙanci. Hukuncin babbar kotun wata jiha ba ya ɗaure kotunan Kano, shi ya sa har yanzu ake yanke hukuncin rataya a nan. Amma ya bar mana tambaya mai wuyar amsawa: wace hanya ce za a kashe mutum mai lafiya, yana ji yana gani, wadda ba azaba ba ce?

Akwai kuma azabar jira. Doka ta ba wanda aka yanke wa hukunci damar ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, bayan haka kuma sai gwamna ya sa hannu. Gwamnoni ƙalilan ne suka yi haka tun komawar mulkin farar hula a 1999. An rataye mutum huɗu a gidan yarin Benin ta Jihar Edo a watan Yuni na 2013, da wasu uku a watan Disamba na 2016. A 2023 waɗanda ke jiran kisa a gidajen yarin ƙasar nan sun haura 3,000, waɗansunsu sun shafe shekaru masu yawa suna firgita duk lokacin da suka ji motsin makulli da asuba. Ganin haka ne ya sa dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba Babban Jojin jiha ikon mayar da hukuncin kisa zuwa ɗaurin rai da rai, idan fursuna ya gama ɗaukaka ƙara kuma shekara goma ta wuce ba a zartar ba. Sashe na 212 na tsarin mulki ya kuma ba gwamna ikon yin afuwa ko sassauci.

4. KOTU TANA IYA YIN KUSKURE

Alƙali mutum ne, shaidu mutane ne, masu bincike ma haka. Ba sai mun je nesa neman misali ba. A watan Maris na 2002 wata kotu a Bakori ta Jihar Katsina ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa, kotun Funtuwa ta tabbatar da shi, amma ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a Katsina ta soke hukuncin, domin ba a cika sharuɗɗan da Shari'ar kanta ta gindaya ba. A Kano kuma, a watan Agusta na 2020 aka yanke wa mawaƙi Yahaya Sharif-Aminu hukuncin kisa bisa tuhumar ɓatanci, sai ranar 21 ga Janairu, 2021, Babbar Kotun Jihar ta soke hukuncin, ta umarta a sake shari'ar, domin an yi ta ba tare da lauya mai kare shi ba.

A waɗannan shari'u an sami lauyoyi da suka tsaya, duniya kuma ta ji labari. To, ina talakan ƙauye wanda bai san ƙofar kotu ba, ba shi da kuɗin lauya, wataƙila ma duka ne ya sa ya amsa laifi? Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta tilasta wa mutum amsa laifi ta hanyar azaba, kuma da babu matsalar da ba a yi dokar ba. Wanda aka ɗaure bisa kuskure ana iya buɗe masa ƙofa a ba shi haƙuri. Wanda aka rataye, bakin alƙalami ya bushe.

5. ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA NUNA

Gaskiya ce Tsohon Alkawari ya tanadi kisa saboda laifuffuka da dama, kuma Manzo Bulus, a Romawa sura 13, ya koyar cewa mai mulki bawan Allah ne domin hukunta mai mugunta. Ekklesiya ba ta musun cewa hukuma tana da iko da hakkin hukunta masu laifi. Sai dai mu karanta Littafin duka.

Kisan kai na farko yana cikin Farawa sura 4. Allah ya ji kukan jinin Habila, ya hukunta Kayinu, ya kore shi daga ƙasar da yake nomawa. Amma ya sa masa alama domin kada kowa ya kashe shi. Dokar ido a maimakon ido, a Fitowa sura 21, an ba da ita ne domin a sa wa ramuwa iyaka a zamanin da dangi sukan shafe dangi saboda laifin mutum ɗaya. Annabi Ezekiyel, a sura 33, ya shaida cewa abin da Allah ke so ga mugu shi ne ya juyo ya rayu. Musa ya kashe Bamasare, Dauda ya shirya mutuwar Uriya, Shawulu ya amince da jefe Istifanus. Da an gama da su a ranar laifinsu, da tarihin ceto ya rasa manyan bayin Allah uku.

Sa'ad da aka kawo wa Ubangijinmu macen da aka kama da zina, a Yohanna sura 8, bai ce ba ta yi zunubi ba. Ya mayar da masu duwatsu ga lamirinsu, ya sallame ta da gargaɗin ta daina. Shi kansa hukuncin kotu ne ya kai shi gicciye, bayan alƙalin ya faɗa da bakinsa cewa bai same shi da laifi ba. A kan gicciyen kuma, ga wani mai laifi wanda ya amsa cewa hukuncinsa daidai ne, Yesu ya yi alkawarin Firdausi.

6. KOYARWAR EKKLESIYA

Ƙarnuka da yawa Ekklesiya ta yarda cewa hukuma tana iya kashe mai babban laifi idan babu wata hanyar kare jama'a, kuma Waliyyi Toma na Akwino ya koyar da haka. Amma tun da wuri akwai wata murya tare da wannan. Waliyyi Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, ya rubuta wa wani jami'in Roma mai suna Marsellinus game da mutanen da suka kashe wani fada, suka raunata wani. Ya roƙa a hukunta su, a hana su sake ɓarna, amma kada a kashe su ko a yanke musu gaɓa, domin a bar musu lokacin tuba.

A zamaninmu Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, cikin wasiƙarsa Evangelium Vitae, wato Bisharar Rai, ta 25 ga Maris, 1995, ya koyar cewa tun da ƙasashe suna da gidajen yari da za su iya tsare mai laifi, halin da zai wajabta kisa ya zama da wuyar samuwa ƙwarai, kusan ma babu shi. Shi ne wanda aka harba ranar 13 ga Mayu, 1981, ya kuma je kurkuku a watan Disamba na 1983 ya zauna da wanda ya harbe shi. Paparoma Benedict na Goma Sha Shida, a takardar da ya sa wa hannu a Wida ta Jamhuriyar Benin a watan Nuwamba na 2011, ya roƙi shugabannin Afirka su yi iyakar ƙoƙari su kawar da hukuncin kisa. A watan Agusta na 2018 marigayi Paparoma Francis ya sabunta lamba ta 2267 ta Katekisim: yanzu Ekklesiya tana koyar cewa hukuncin kisa ba abin karɓa ba ne, tana kuma aiki domin a kawar da shi a duniya duka.

Tushen koyarwar ɗaya ne. An halicci mutum cikin kamannin Allah, kuma mutuncinsa kyauta ce daga Mahalicci. Ba da halin kirki ya saye shi ba, saboda haka mugun aiki yana ɓata shi amma ba ya shafe shi. Abin da kotunanmu suka hango a shari'ar Bello da Nemi da Ajulu, shi ne Ekklesiya ta bi har ƙarshensa. Ƙasashen Afirka da dama sun bi wannan hanya: Togo a 2009, Chadi a 2020, Saliyo a 2021, Zambiya a 2022.

7. TO, IYAYEN DA AKA KASHE WA 'YA FA?

Wani zai ce, "Fada, da 'yarka ce fa?" Tambaya ce ta gaskiya, kada kuma kowa ya amsa ta da gaggawa. Fushin iyaye a kan wanda ya kashe ɗansu ba zunubi ba ne. Shaida ce ta ƙauna. Ekklesiya ba ta ce a saki mai kisa ya koma gari ba. Wajibi ne a hukunta shi hukunci mai tsanani, a raba shi da jama'a muddin yana da haɗari, ko da zai ƙare kwanakinsa a tsare. Gafara dabam, sakin mai laifi dabam.

Waɗansu kuma sukan ce kisa ne kaɗai ke tsorata miyagu. Dattawanmu sun tuna zamanin soja, tun daga shekarun 1970, lokacin da ake ɗaure 'yan fashi a jikin ganguna a bindige su a gaban taro. Fashi bai ƙare ba. Abin da ya fi hana mai mugun nufi shi ne ya tabbata za a kama shi, shaidu za su yi magana, kuma kuɗi ko sanin manya ba za su fisshe shi ba.

Ekklesiya tana da yarinyarta da aka kashe. A 1902, a ƙasar Italiya, wani saurayi mai suna Alessandro Serenelli ya sassoke Mariya Goretti, mai shekara goma sha ɗaya, domin ta ƙi yarda da shi. Ta gafarta masa kafin ta cika. Ya yi shekara 27 a kurkuku, shekarun farko cikin taurin zuciya, daga baya ya tuba. Da ya fito ya je ya nemi gafarar mahaifiyarta, ta kuwa ba shi, ya ƙare rayuwarsa yana aikin lambu a gidan sufaye. An ɗaukaka Mariya zuwa matsayin waliyya a 1950. Da an rataye shi a shekarar farko, da ya mutu cikin taurin zuciyarsa, uwar kuma da ba ta taɓa jin kalmar tuba daga bakinsa ba.

Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san darajar wannan ƙofa. A hukuncin ƙisasi, magadan mamaci suna da ikon yin afuwa ko karɓar diyya, ana kuma yaba wa wanda ya yafe. Akwai bambanci tsakaninmu da su a kan hukuncin kisa, bai kamata mu ɓoye shi ba. Amma a nan akwai wurin da za mu zauna mu yi magana cikin girmama juna.

8. ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU

Ba mu ne ke yin doka ba, amma akwai abin da ke hannunmu.

Da fari, kada hannun Kirista ya shiga kisan taron dangi. Idan har hukuncin da alƙali ya yanke bayan shaidu da lauyoyi yana iya zama kuskure, ina ga hukuncin da ake yankewa a bakin kasuwa saboda an yi ihun ɓarawo? An kashe Deborah Samuel a Sakkwato a watan Mayu na 2022. An kashe mafarauta goma sha shida 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025. Jinin duka ɗaya ne a gaban Allah. Wanda aka kama da laifi a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa.

Na biyu, mu tsaya tare da waɗanda aka zalunta. Wanda ke roƙon a bar mai kisa da rai, amma bai taɓa taka ƙafa gidan gwauruwa ko marayun da aka bari ba, maganarsa ba ta da nauyi. Zumuntar mata da ta maza su sa irin waɗannan iyalai cikin lissafinsu a lokacin shuka da girbi da biyan kuɗin makaranta.

Na uku, mu faɗi gaskiya idan an kira mu shaida, kada mu ƙara, kada mu rage, ko a kan ɗan'uwa ko a kan maƙiyi.

Na huɗu, mu tuna da 'yan kurkuku, gama a Matiyu sura 25 Ubangiji ya lissafta ziyararsu cikin ayyukan da za a tambaye mu. Iyalin da ɗansu ke tsare ba tare da lauya ba su sanar da fada ko katekis, domin a haɗa su da ofishin Adalci da Salama na dayosis ko Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta gwamnati.

TAMBAYOYIN TATTAUNAWA

(a) Me ya sa Allah ya hukunta Kayinu amma ya hana a kashe shi?
(b) Mene ne bambanci tsakanin gafarta wa mai laifi da sakinsa ba hukunci?
(c) Idan aka kama wani da sata a kasuwarmu, taro ya fara dukansa, me ya wajaba Kirista ya yi?
(d) Wane iyali ne a cikinmu aka zalunta, muka kuma manta da su?

ADDU'A

Ya Allah Uba, Mai rai da Mai ba da rai, ka ta'azantar da iyayen da aka kashe musu 'ya'ya. Ka ba alƙalanmu da gwamnoninmu hikima da tsoronka. Ka taɓa zukatan masu laifi su tuba tun suna da sauran numfashi, ka kuma tsare hannuwanmu daga jinin kowa. Mun roƙa ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.